Lasifikar Hagu

Ranar da Vagn Toftgaard ya gindaya sharaɗinsa, ba wanda ya taɓa kek ɗin da ke kan tebur.

Ejvind Holm ya zo sanye da kwat ɗinsa mai kyau, ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda aka kira gaban alƙali. Bai kai ga buɗe baki ba dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce ya san abin da ya kawo shi, kuma ba ya sha'awar ji. Sannan ya nuna akwatunan lasifika guda biyu da ke tsaye a kusurwoyin falon, dogaye, na baƙin katako, waɗanda shi da kansa ya harhaɗa tun kafin a haifi 'yarsa Solvej.

"Ta hagun nan ta haɗiye muryar matata," in ji shi. "An ce kai mai gyara ne. Ka dawo mini da muryar Ragnhild, in saurari abin da ke bakinka. In ka kasa, kada in sake ganin motarka a layin nan."

Solvej tana tsaye a bakin ƙofar kicin da butar kofi a hannu.

Faifai ɗaya ne dattijon yake nufi. Shekaru da yawa da suka wuce an ɗauki waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan cocin garin a faifan garmaho. Mata masu siririyar murya su ne suke tsayawa ta hagu, kuma a cikinsu Ragnhild ce take hawa sama ita kaɗai a baiti na ƙarshe. Tun da aka binne ta, kowace Lahadi bayan an taso daga coci, Vagn yakan zauna a kujerarsa ta tsakiyar falo ya sa wannan faifan. Amma tun farkon sanyin bana ya fara ƙorafi cewa muryar ta dushe, daga baya ya ce ta ɓace gaba ɗaya.

A ƙasar nan tasu ta yammacin Jutland, mace mai shekarun Solvej ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta yi aure. Ita ma ta san da haka. Sai dai akwai alƙawarin da ta ɗaukar wa mahaifiyarta a gadon asibiti, cewa ba za ta fita daga gidan nan ba sai da albarkar uba. Ta ɗauke shi ne a gaban Allah, kuma ba a yi mata tarbiyyar da za ta iya sauke irin wannan kaya a bakin hanya ba.

Laifin Ejvind kuwa tun kafin ya yi wayo aka aikata shi. Vagn ya yi rayuwarsa yana aiki a ɗakin sauraro na masana'antar lasifika da ke bayan gari. Ba akwatin da yake fita kasuwa sai ya bi ta kunnensa. In ya girgiza kai, a mayar. Mutanen gari sukan ce zai iya jin ƙarar gashin kyanwa in ya faɗo a kan kafet. Ana haka sai Knud Holm, mahaifin Ejvind, ya kawo na'urar awon sauti, aka rufe ɗakin sauraro, aka mayar da Vagn sashen ɗaure kaya a kwali. Knud ya daɗe da rasuwa, masana'antar ma ta zama rumbun ajiye dankali, amma ciwon yana nan ɗanye.

Ga kuma Goggo Bodil, yayar Vagn, wadda ta tare a gidan bayan rasuwar Ragnhild. Ita tana da nata ɗan takarar: Preben, mai kantin sababbin kayan sauti a garin Holstebro, mai jan waƙa a ɗakin addu'a, mai takalmi da ake ganin fuska a jikinsa. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ta sako sunansa cikin zance ba, ko da zancen farashin man shanu ne.

*

Ranar Juma'a, da ta tashi daga aikinta na kantin magani, Solvej ta hau kekenta ta nufi shagon Ejvind da ke kusa da tashar jiragen ruwan masunta. Iskar yamma tana dukan ta a fuska har idanunta suka kawo ruwa.

Shagon yana warin gam da narkakkiyar dalma. Akwatunan mahaifinta suna tsaye a kan benci, an cire musu yadin fuska, sai ta ji kamar ta ga wani babba a gida ba riga.

Ejvind bai yi mata wasan da ya saba ba, na cewa mai magani ta zo duba mara lafiya. Ya nuna mata aikin da ya yi. Soson da ke zagaye da bakin manyan lasifikun ya ruɓe, har yana marmashewa in an taɓa shi, kamar busasshen burodi. Ya kankare shi a hankali da 'yar wuƙa, ya liƙa sabo, ya daidaita tsakiyar don kada kwayil, naɗin wayar da ke ciki, ya riƙa gogar gefe. Ya bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, ya sake narka dalma a inda ta tsufa. Ya ce wanda ya harhaɗa akwatunan nan hannunsa ya san aiki, ko ƙusa ɗaya ba ta karkace ba.

Sannan ya ce ta zauna a kan kujerar katako, ya ɗora faifan.

Da baiti na ƙarshe ya zo, muryar mahaifiyarta ta taso daga hagu, siririya, tsaf, tamkar tana tsaye a bayan bencin da littafin waƙa a hannu. Solvej ta rufe bakinta da tafin hannu. Sai da faifan ya ƙare ta iya magana.

"Ka gyara ta, Ejvind. Allah Ya taimake mu."

Ya ɗauki sukudireba ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ban gyara ta ba," ya ce. "Ba ta taɓa lalacewa ba."

Ya yi mata bayani a hankali, yana kallon bencin. Soson da ya ruɓe na masu kaurin sauti ne, muryoyin maza da kiɗan coci mai nauyi. Siririyar murya kuwa daga 'yar ƙaramar lasifikar sama take fitowa. Ranar da ya kawo akwatunan, kafin ya taɓa komai, sai da ya sa faifan. Muryar tana nan. Ya auna 'yar ƙaramar ta hagu, ya auna ta dama, ba bambanci. Ya je gidan ranar Laraba lokacin da dattijon ya fita, Goggo Bodil ta buɗe masa tana harararsa, ya gwada amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da allurar garmahon, su ma lafiyarsu lau.

"To, ina matsalar take?" Ta yi tambayar ne tana sane da amsar.

Ya ɗago ya dube ta. "Solvej, in butar ruwan zafi ta yi fito a kicin, wa yake tashi ya sauke ta?"

Abubuwan da ta daɗe tana kawar da kai daga gare su suka taso mata gaba ɗaya. Butar da ke fito har ruwan ya ƙone yana zaune da jarida. Yadda ya sauya wurin zamansa a coci bayan shekara da shekaru, ya koma ɗaya ɓangaren, ya ce wai iska ke shigowa ta taga. Yadda yake karkata kai in tana yi masa magana daga hagunsa, ya ce ta daina cin magana kamar 'yan birni.

"A'a," ta ce. "Kada ka faɗa. Don Allah kada ka faɗa."

"Ko ban faɗa ba haka yake."

Ta miƙe ta kama hannun rigarsa. Hawaye ya riga ya ɓalle mata. Ta ce masa bai san mahaifinta ba. An ƙwace masa aiki ya jure, mutuwa ta ɗauke masa mata ya jure, saboda abu ɗaya ya rage masa da yake taƙama da shi a duniya, wato kunnen nan. In aka ce masa shi ma ya tafi, kuma a ce ɗan Knud Holm ne zai gaya masa, da na'urar awo a hannu, to an kashe shi sau biyu da wuƙa ɗaya. Ba zai taɓa yafewa ba. Ita kuma za ta tsufa a gidan nan tana wanke kofunan Goggo.

"Akwai hanya," ta ce. "Preben ya gaya wa Goggo cewa shi da yini ɗaya zai gama. Ya ce wani ɗan abu ake canzawa a ciki, sai siririn sautin ya ƙaru sosai. Kai ma ka iya. Ka ƙara wa ta hagun kaifi yadda zai ji. Wa zai sani?"

"Ke za ki sani. Ni ma zan sani."

"Zan iya ɗauka."

"Za ki iya?" Ya yi murmushin da ba daɗi a ciki. "Ke da in kika ba mutum canji ya ragu da ƙwandala sai kin bi shi har gida?"

"Ba lokacin wasa ba ne, Ejvind."

Ya ce ba wasa yake yi ba. Aikin ba wuya, kafin kofi ya huce zai gama shi. Amma muryar mahaifiyarta za ta koma tsuwwa a kunnen duk mai lafiya, kuma bayan 'yan watanni dattijon zai sake cewa ta ɓace, a sake ƙarawa, har ranar da 'yar lasifikar za ta ƙone. Abin da ya fi damunsa ma ba wannan ba ne. Kunne ɗaya da ya mutu cikin sanyi ɗaya, ɗayan yana nan, ba abin rufewa da dabara ba ne, likita ya kamata ya gani, kuma da wuri.

"Kina aiki a kantin magani," ya ce a hankali. "Kin fi ni sanin wannan."

Ta sake shi ta koma ta zauna. Ta sani. Tsoron da take ji ya rabu biyu, kowanne yana jan ta ɓangarensa.

"To, jibi me za ka yi?"

"Zan kawo masa kayansa yadda ya ƙera su. Ba zan yi masa ƙarya ba. Ba kuma zan tona shi a gaban mutane ba."

"In ya ce bai ji ba fa?"

Ejvind ya ɗauki yadin fuskar akwatin ya fara mayar da shi.

"Sai in ɗauki hulata," ya ce.

*

Ranar Lahadi Solvej ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga huɗubar fasto ba. Ta yi ta kallon ƙeyar mahaifinta, da yadda ya juya kunnensa na dama wajen mumbari. Addu'a ɗaya take maimaitawa a zuci, ita ma ba ta san me take roƙo a cikinta ba: ko ya ji muryar, ko kada gaskiya ta karya shi.

Da suka dawo gida ta tarar Goggo Bodil ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya, ta jera kek kala-kala. Ta ƙirga kofunan da ido, ta ga akwai ɗaya da ya ƙaru.

"Goggo, wa kuma za mu yi?"

"Preben mana. Na ce ya biyo ya sha kofi. Laifi ne? In ana gwajin tuƙi ai ba a rasa wanda ya iya mota a kusa." Ta gyara zaman cokali. "Ki share fuskarki, 'yar nan. Kin yi fari kamar kifin da aka manta a gishiri."

Preben ya zo da furanni, ya miƙa wa Goggo rabi, ya miƙa wa Solvej rabi. Ya gaida dattijon da babbar murya, ya zauna ta damarsa. Sai a lokacin Solvej ta lura cewa kullum ta damar yake zama, kuma kullum da babbar murya yake gaisuwa. Wani sabon tsoro ya shige ta. Ashe shi ma ya sani.

Ejvind ya shigo da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, a nannaɗe cikin bargo. Ya ajiye kowanne daidai kan alamar da ƙafafunsa suka bari a kafet, ya ɗaura wayoyi, ja a ja, baƙi a baƙi. Vagn yana bin hannuwansa da ido. Preben ya ce ashe har yanzu akwai masu liƙa soso da gam, shi ya ɗauka sana'ar ta bi masu gyaran lema. Goggo ta yi dariya ita kaɗai.

Dattijon ya zauna a kujerarsa. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, ya rufe ido, yadda yake yi a ɗakin sauraro a da.

"Sa shi," ya ce.

Allura ta sauka. Muryoyin maza suka fara, cike, masu nauyi, yadda ba a ji su a gidan ba tun da daɗewa. Solvej ta ga girar mahaifinta ta ɗan motsa, alamar ya yaba. Zuciyarta ta ɗan ɗago. Baiti ya bi baiti. Sannan na ƙarshe ya zo, muryar Ragnhild ta cika falon, har Goggo Bodil ta sunkuyar da kai ta kama bakin tebur.

Fuskar Vagn ba ta canza ba. Yana jira. Ya ci gaba da jira har allurar ta kai ƙarshen faifai tana ƙas-ƙas.

Ya buɗe ido.

"Ƙasan sautin ya yi kyau," ya ce. "Ta hagu kuwa a mace take, yadda ka ɗauke ta."

Goggo ta buɗe baki, ta dubi ƙaninta, ta rufe. Preben ne ya yi gyaran murya, ya ce lallai shi ma ya ji saman sautin ya ɗan yi rauni, amma ba abin damuwa ba ne, a ba shi akwatin zuwa Talata.

"Ka ji ko?" Vagn ya ce wa Ejvind. "Ubanka ya ce na'ura ta fi kunne. To, ga na'urarka, ga kunnena. Kana da abin cewa?"

Solvej ta dubi Ejvind. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da kare kansa, kuma kowa a falon shaidarsa ne. Ya dubi dattijon, ya dubi baƙon da ke zaune da kofi a hannu, sannan ya dube ta.

"Ba ni da shi, Toftgaard," ya ce. "Na gode da kofi."

Ya naɗe bargunansa. Ya ɗauki hularsa daga kan hannun kujera.

Solvej ta ji ƙarar takunsa a kan katakon zaure. Ta san in ƙofar waje ta rufe, shi ke nan. Ranar Talata Preben zai dawo da akwatin da aka ƙara wa kaifi, mahaifinta zai ji wani abu mai kama da muryar matarsa, ya sa albarka a inda bai kamata ba, abin da ke cin kunnensa kuma ya ci gaba da ci ba mai dubawa. In kuwa ta yi magana, ita ce za ta ɗaga wuƙar da Ejvind ya ƙi ɗagawa.

"Baba," ta ce. Bai juyo ba, tana hagunsa. Ta zagaya ta gabansa. "Baba, ba a yi musanye ba."

Ya ɗaure fuska. "Me kika ce?"

"Kai ka koya mini tun ina ƙarama. Ka ce ba a yanke wa lasifika hukunci sai an musanya ta da 'yar'uwarta. In laifin ya bi akwatin ya koma dama, nata ne. In ya tsaya inda yake, a nemi mai laifi a wani wuri. Ka ce duk yaron da ya tsallake wannan a masana'anta, kora kake yi."

"Solvej," Goggo ta ce da ƙaramar murya, "ki bari."

Preben ya ce ai ba sai an wahalar da Baba ba, abin a fili yake.

Vagn bai kula su ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Dokarsa ce, kuma duk garin an san bai taɓa karya dokar aiki don ya huta ba.

"Ɗan Holm," ya ɗaga murya wajen zaure. "Dawo ka ɗaga mata. Sun fi ƙarfinta."

Ejvind ya dawo da hula a hannu. Bai dubi kowa ba. Shi da Solvej suka kwance wayoyin, suka kinkimi akwatin hagu suka kai dama, suka kawo na dama hagu. Ta durƙusa tana ɗaura waya, shi yana riƙe mata bakin. A nan ƙasa, inda ba mai ji, ya ce mata, "Kin tabbata?" Ta girgiza kai alamar a'a, ta ci gaba da ɗaurawa.

Aka mayar da allura kan baiti na ƙarshe.

Solvej ba ta saurari waƙar ba, fuskar mahaifinta take kallo. Ta ga yana jiran mutuwar sautin ta koma dama. Ta ga lokacin da ya gane ba ta koma ba. Hannuwansa da ke kan gwiwa suka dunƙule a hankali, jijiyoyin suka fito.

Faifan ya ƙare.

"To, amfilifayar ce," Preben ya yi saurin cewa. "Tsofaffin nan haka suke, ɓangare ɗaya yakan gaji. Ina da wata a kanti, sai in kawo a gwada."

Ƙofar kuɓuta ce ya buɗe wa dattijon, kowa ya gani. Solvej ta sami kanta tana roƙon Allah mahaifinta ya bi ta cikinta, tana kuma roƙon kada ya bi.

Vagn ya miƙe tsaye. Ta ɗauka ɗakinsa zai shige. Sai ya kama kujerar nan mai nauyi, wadda ba a taɓa gusar da ita daga wurinta ba, ya ja ta yana nishi. Ejvind ya matso zai taimaka, dattijon ya galla masa harara. Ya juya ta gaba ɗaya, ta ba lasifikun baya, ta fuskanci bango. Ya zauna. Yanzu kunnensa na dama ne yake ɓangaren da matan suke tsayawa.

"Sake sa shi," ya ce wa bangon.

Solvej ce ta sauke allurar.

Ba su ga fuskarsa ba, bayansa kawai suke gani. Da muryar ta hau sama, kafaɗunsa suka ɗaga kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Suka tsaya a haka. Can sai suka fara girgiza. Hannunsa na hagu ya tashi a hankali ya taɓa kunnen hagu, ya daɗe a wurin, sannan ya sauka.

Goggo Bodil tana kuka ba sauti. Solvej ta tsaya tana kallon bayan mahaifinta. Jira take ya juyo, ya tambaye ta tun yaushe ta sani, ya ce ta tozarta shi a gaban baƙi, ya kore su duka.

Bai juyo ba.

"Preben," ya ce, muryarsa a dushe. "Da aka sa na farko, ka ji ta?"

Preben ya ajiye kofinsa. Ya ce, to, ya danganta da yadda mutum ya saurara.

"Ka ji ta ko ba ka ji ta ba?"

"Na ji."

"Kuma ka ce a ba ka zuwa Talata." Dattijon ya gyaɗa kai. "Bodil, ki naɗe masa kek ya tafi da shi. Hanyar Holstebro da nisa."

Sai da ƙarar motar ta ɓace a ƙarshen layi ya sake magana. Har lokacin bango yake kallo.

"Ɗan Holm. Yaushe ka gane?"

"Ranar da na kai su shago."

"Da na'urar ubanka?"

"Da kunne na fara ji. Na'urar ta zo daga baya."

"Kuma ka ɗauki hularka."

Ejvind ya dubi hular da ke hannunsa. Solvej ba ta san ko hukunci ne ke tafe ko sassauci ba, don ba ta taɓa iya karanta mahaifinta daga baya ba.

Dattijon ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi. Ya ninke shi, ya mayar aljihu. Sannan ya miƙa hannu ya bubbuga hannun kujerar na dama.

"Na ce in muryar ta dawo zan saurare ka. Ta dawo. Zagayo ta nan, ka faɗi abin da ya kawo ka." Ya ɗan karkata kai. "Kuma kada ka yi mini ihu kamar wancan. Ɗayan kunnen yana nan tukuna."

Ejvind ya miƙa wa Solvej hularsa. Ta karɓa da hannu biyu ta ƙanƙame ta a ƙirji, tana kallonsa ya zagaya ta dama, ya durƙusa a gefen kujerar.